Rantsuwar Baba da Amshin Inna

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Ranar Talata da hantsi Baba ya cika a gidansa na Wurno, aka kai shi makwanci kafin azahar. Ni ɗansa na fari ban ga fuskarsa ba, ina bisa keke tsakanin Rabah da gida aka rufe shi.

Kwana uku muka yi a zaure muna karɓar gaisuwa, kowa ya zo da abin da ya sani na Baba. Liman ya ce bai taɓa waiwayowa bayan sallama ya rasa shi a sahun farko ba, sai in ciwo ne. Masu sayen albasa sun zo tun daga Goronyo, su huɗu bisa jakuna, babbansu ya ce shekara da shekaru suna ɗaukar buhun Baba ba su kwance shi, domin abin da ke baki shi ne a ƙasa. Wani makaho da ban sani ba ya zauna ya yi ta kuka. Aka tambaye shi dangantaka, ya ce babu, inuwar zauren nan kawai yake sha, kuma ba a taɓa ce masa ya matsa ba. Ina jin waɗannan ina cewa amin, har na fara ji kamar ni ma ina da rabo a yabon.

Goggo ce ta sauke ni. Ƙanwar Baba ce, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, kuma ba ta tauna magana. Rana ta biyu na shiga cikin gida gaishe da mata, na tarar wata maƙwabciya tana cewa unguwa ta yi shiru da rashin Malam. Goggo ba ta dubi matar ba, ni ta duba.

"Unguwa ta yi shiru tun bara waccan," in ji ta. "Ku tambayi malamin boko, shi yas san dalili."

Ba wadda ta tambaye ni, duk suka sunkuyar da kai. Shi ya sa na ɗauki alƙalami in ba da amsar da kaina. Baba yana da waƙa guda da yake yi shi da Inna, ni na sa ya bar ta, kuma ya rasu ban ce masa ya koma ba. Ba na so a tuna da shi a matsayin tsoho mai shiru, domin shirun nawa ne.

Sai in fara da yadda muke da shi. A gidanmu ana kunyar ɗan fari ƙwarai. Iyaye ba sa kiran sunansa, ba sa wasa da shi, ba sa yi masa magana ido da ido. Ana yaye ni aka kai ni Rimawa wurin Kawu, yayan Inna, can na girma, daga can kuma aka ɗebe mu zuwa makarantar boko. Na zama malamin elemantare, hukumar En'e ta tura ni Rabah. Saboda haka gidan Baba gidan baƙunta ne gare ni, nakan zo hutu in yi mako guda in koma.

Duk zuwan da zan yi, Baba bai taɓa ce mini sannu da zuwa ba. Yana da jaki, shi yake yi wa magana. Zan sauka daga keke in durƙusa in gaishe shi, sai ya juya ga jakin yana shafa masa wuya.

"Kai jaki, malamai na cin tuwo, ko takarda ta ishe su? In suna ci, ga shi can ruhe cikin akushi."

Ni kuma sai in dubi bango in ce an gode. Ranar komawa zan tarar an ɗaure mini kwandon albasa a bayan keke, zaɓaɓɓiya, ja, wadda ba ta da ko tabo. In na yi godiya sai ya gaya wa jakin cewa shi bai san wanda ya ɗaura ba, gidan ya cika da masu shisshigi. Shekarar da na yi aure, zane na tarar a kwandon, saƙar Wurno mai nauyi. Wannan ma bai san wanda ya sa ba.

Mutum ne dogo, siriri, mai ƙaramin gemu da yakan ja in yana tunani. Rani duk a fadama yake, yana ban ruwa da jigo tun da sanyin safiya. Akwai wani maƙwabcinsa na gona da ciwon baya ya kama, shekara guda cur Baba ke fara shayar da fangalin shukar mutumin kafin nasa. Da mutumin ya warke ya zo godiya, Baba ya ce ruwa ne ya ɓace hanya, shi bai aike shi ba. Haka yake, ba ya yarda a kama shi da alheri a hannu.

To, waƙar. Ba ta da suna, a gida ana ce mata ta tsofaffi. Da safe in Baba ya ɗauki fartanya zai fita, sai ya tsaya a tsakar gida, Inna tana bakin ɗakinta tana kaɗin auduga. Shi zai ɗauko, ita ta amsa, ba ya dubanta ba ta dubansa. Ƙanwata, wadda ta girma a gabansu, ta ce tun tana ƙarama take jin ta, amma a lokacin gajeruwa ce. Tsufa ne ya tsawaita ta, domin duk abin da ya lalace a jikinsu, da duk sabon abin da ya shigo gari, sai ya sami baiti. Abin da na riƙe bai fi cikin hannu ba. Baba zai ce:

"Tsohuwa, ina haƙoran da nib biyo har Rimawa?"

Inna ta ce:

"Suna wurin gashin kanka, tahi ka gaishe su."

Sai su haɗa baki su ce, "Muna nan dai, muna nan." Da lori ya fara zuwa ɗaukar albasa ranar kasuwa, Baba ya ƙara:

"Nasara ya kawo mota, jakina ya yi hushi."

"Ku biyun kun tsuhwa, ku ba juna haƙuri."

Da aka kawo labarin injin niƙa daga birni:

"An ce inji ka niƙa, mi za ki yi da hannu?"

"In ja maka kunne, inji bai iya wanga ba."

Wanda ya fi ba mutane dariya shi ne na tabarau. Ni na saya masa shi a Sakkwato da idonsa ya fara hazo, na ajiye a zaure na gaya wa bango. Kwana biyu kawai ya sa, rana ta uku waƙa ta samu:

"Na sa gilashi na ga tsohuwa, na cire na ga amarya."

"Aje shi, Malam, mu zauna lahiya."

Yanzu da nake rubutawa ina dariya ni kaɗai. A lokacin ban yi ba. Ni abin da nake ji shi ne tsoho mai furfura yana kiran uwata marar haƙori, maƙwabta suna saurare ta katanga. Ban girma a gidan ba, ban lura cewa in ban da wannan waƙa, abin da ke shiga tsakaninsu a yini bai wuce ga ruwa da an gode ba. Mutanen da ne, ita ba ta taɓa kama sunansa ba, shi bai taɓa zama bisa tabarmarta da rana ba. Duk abin da suke da shi na so da na wasa a cikin waƙar nan suka zuba shi, ni kuwa da bokona ban karanta ba.

Ranar sunan ɗana na uku abin ya faru. A Wurno aka yi, na gayyato abokan aiki daga Rabah, har da hedimasta. Sun kwana a zaure. Da safe, bayan an raɗa suna an raba goro, mutane suka watse, Baba ya ɗauki fartanyarsa kamar kullum, ya tsaya a tsakar gida ya ɗauko. Murna ta sa ya ɗaga murya fiye da yadda ya saba, Inna ma ta sake. Muna zaune a zaure kowace kalma tana iso mu. Malamai suka yi ta dariya, hedimasta ya dafa gwiwata.

"Malam, ashe gidan makaɗa kah hito, ba ka hwaɗa muna ba? Da mun zaka da abin kari mu ba mawaƙi."

Wasa yake yi, yanzu na san haka. Amma a lokacin ji na yi kamar an tuɓe mini riga a kasuwa. Ni da nake tsayawa gaban ɗalibai ina koya musu ladabi, a ce ubana maroƙi. Na daure har na raka su bakin gari. Da na dawo Baba yana ƙofar gida yana ɗaure wa jaki mangala. Na tsaya na dubi bango, na ɗaga murya yadda zai ji, yadda na cikin gida ma za su ji.

"Gidanga ba gidan roƙo ba na. Dattijo da jikoki ya riƙa waƙa awa yaro, ana muna dariya har Rabah. Ni kam na ji kunya."

Baba bai daina ɗaurin ba sai da ya gama. Sannan ya dafa wuyan jakin, ya yi magana a hankali.

"Kai jaki, ka ji. Mun ba malami kunya. To, wallahi ban ƙara ta."

Ya kaɗa jakinsa ya tafi fadama. Ni kuwa, Allah ya yafe mini, sanyi na ji a raina, ina ganin na gyara gida.

Hutun da ya biyo baya na zo na tarar da gidan da na gyara. Baba ya ɗauki fartanya ya ratsa tsakar gida bai tsaya ba. Inna tana bakin ɗaki, mazari na hannunta amma ba ya juyawa, ta bi shi da ido har ya fita. Kwandon albasa yana nan a bayan keke ranar komawa, jaki yana nan ana aiko shi da saƙon tuwo, ba abin da aka rage mini. Wannan ya fi mini ciwo, da ya yi fushi da ni da na sami abin riƙewa.

Ƙanwata ta same ni a bayan rumbu ta ce, "Yaya, Inna ba ta ci. Tun da anka bar waƙagga ba ta dariya. Jiya tac ce mani ita ba ta san ko tsohon yana ganinta ba yanzu."

Na ce ai rantsuwa ya yi, ba ni na sa shi rantsuwa ba. Ta dube ni ta tafi.

Maganar rantsuwa kuwa ba ta da wuya, kowa ya san hukuncinta. Wanda ya rantse ya ga warwarewa ta fi alheri, sai ya ciyar da miskinai goma ya warware. Rumbun Baba cike yake da gero. Da ya so, a yini guda an gama. Abin da yake jira dabam ne, kuma na san shi. Ni na ce na ji kunya, ni yake jira in janye.

Na gwada, ba zan ce ban gwada ba. Na zo da goro mai kyau na zauna a zaure kusa da shi, na shirya maganar tun daga Rabah. Na buɗe baki na dubi bango, abin da ya fito shi ne wai bana ruwa ya yi jinkiri. Baba ya gaya wa jaki cewa lallai ya yi jinkiri. Muka zauna har azahar muna zancen damina ta bakin bango da jaki, na tashi na tafi. Shekara arba'in ban taɓa gaya masa magana mai taushi ba, ban san ta inda ake fara ta ba. Magana mai zafi kuwa ta zo mini ba wuya.

Daga baya na je Rimawa na roƙi Kawu ya je ya ba shi baki. Kawu ya je ya dawo, ya kira ni.

"Na hwaɗa mai. Yac ce ba ni nib ba shi kunya ba, ba ni nij ji kunya ba, mi yak kawo ni ciki? Ɗana, ubanka na son ji daga bakinka, ko ta bango na. Tahi ka hwaɗa."

Na ce zan je bayan girbi. Bayan girbi na ce sai hutun rani. Damina biyu suka wuce a haka, kullum ina ganin Baba da ƙarfinsa, yana jan jigo, ina cewa akwai lokaci.

Saƙon rashin lafiyarsa ya iso ni ranar Alhamis, wani mai kai gishiri ya kawo. Ya ce ƙirji ne, tsohon ya kwanta, murya ta dushe. A makon nan muke jiran Bature mai duba makarantu, an ce Litinin zai zo. Na share aji, na sa yara suka yi ta maimaita lissafi, na ce in ya duba ya tafi sai in kama hanya. Litinin ya zo, ya yi rabin sa'a a ajina, ya ce da kyau. Talata da safe na hau keke. Ina shiga Wurno na gamu da mutane suna dawowa daga maƙabarta, suka ga ni ne suka tsaya.

Sauran labarin daga bakin ƙanwata na ji shi, bayan an yi sadakar uku mutane sun ragu. Ta ce ranar Juma'a Baba ya tambaya ko saƙo ya isa Rabah, aka ce ya isa. Asabar ya sa a zaunar da shi yana fuskantar ƙofa, ya yini yana duban ta. Lahadi da safe ya yafito ta da hannu, ta kai kunne bakinsa, ya ce a buɗe rumbu a yi tuwo mai yawa, a nemo mutum goma masu buƙata. Ta ɗauka sadakar neman sauƙi ce. Sai da aka gama ci, ya sa aka ƙirga masa kwanonin a gabansa, sannan ya ce a ɗauke shi a kai shi tsakar gida, ta gane kaffarar rantsuwa ce.

Aka shimfiɗa masa tabarma a inda yakan tsaya, aka jingina shi da turmi. Inna ta fito ta zauna a bakin ɗakinta. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska, ko raɗar da ya yi da safe ta tafi. Ya sake gwadawa, haka. Ƙanwata ta ce ita ta fara kuka, amma Inna ta matso da kujerarta har gwiwarta ta taɓa tabarmarsa, abin da ba a taɓa gani ba, ta zuba wa bakinsa ido. Leɓensa ya motsa, ta amsa. Ya sake motsawa, ta amsa. Haka suka bi ta baiti baiti, shi ba murya ita da murya, ba ta kuskure ko ɗaya ba. Da suka zo na mota da jaki ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Da aka kai ƙarshe bai tsaya ba. Bakinsa ya ci gaba da motsi, ya daɗe yana yi, yana dubanta. Inna ta ƙura ido, ta ƙara matsowa, sannan ta girgiza kai.

"Malam, wanga sabo na. Ban san shi ba."

Ya sake maimaitawa, ba ta kama ba. Damina biyu yana tara baitoci a cikinsa, rantsuwa ta hana su fita, da ya sami izini kuma murya ta tafi. Ba wanda ya san abin da ke cikinsu. Wannan ne nake kwana da shi nake tashi da shi. Ban hana shi numfashi ko guda ba, ajali na Allah ne, amma na hana uwata jin abin da mijinta ya tanada mata, kuma babu inda zan je in samo mata shi.

Kafin in koma Rabah na shiga wurin Inna da littafi da fensir. Tana takaba, zaune bisa tabarma da carbi, ƙanwata na gefenta. Na durƙusa daga bakin ƙofa, na gaya wa ƙanwata cewa ina so a faɗa mini waƙar duka, nasa da nata, in rubuta kada ta ɓace. Na ce kuma a gaya wa Inna ni ne na yi laifi, ta yafe mini. Wannan karon maganar ta fito, da babu sauran wanda take wa amfani.

Inna ta daɗe tana jan carbi. Ba ta dube ni ba, ƙanwata ta yi wa magana.

"Ki ce mai na yahe, ubanai ma ya yahe, ya hwaɗa mani. Amma waƙa ban ba shi. Ni amshi nika yi, mai ɗaukowa ya tahi. In nih hwaɗi nashi da bakina, wa za ya amsa mani?"

Na rufe littafin. Ina shirin tashi ta ƙara magana.

"Ki ce mai kuma, shina da mata. Shi tahi shi yi mata tashi waƙa, tun tana da kunnen ji."

Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya tarar da abin da ya shuka a fadama da a zaure. Allah ya ba Inna haƙuri, ya sada su a inda ba tsufa.

Na dawo Rabah da la'asar. Tun daga Wurno nake haɗa baiti a kan keke, na sami guda mai kyau a kan furfurar da ta fara fito wa mai ɗakina a goshi. Shekararmu goma sha tara tare, ban taɓa tsokanarta ba ko sau ɗaya. Na jingine keke na shiga, na tsaya a tsakar gida. Tana tankaɗe, ta ɗago ta gan ni tsaye baki buɗe, ta ajiye rariya da sauri.

"Malam, lahiya?"

Na ce lafiya lau, ruwa nake so. Ta tashi ta kawo mini, na sha, na ce an gode.